Kuranki na fili da na titi: kundin aikin kekuna uku a ƙasar Ringim

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Kekuna uku ne a ƙasa, duk gwanjo, duk na tseren titi. Biyu firam ɗinsu ƙarfe ne, ɗaya alminiyam. Aikin shi ne a mayar da su masu giya ɗaya, domin samari su riƙa atisaye da su a kan kwaltar Ringim zuwa Gujungu. Na'urar canjin giya ba ta daɗewa a nan. Ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta cinye 'yan tayoyinta, kuma in ta karye sai an je Kano, can ɗin ma sai an dace.

A cikin buhun kayan da suka zo da kekunan akwai kuranki guda (sandunan feda biyu tare da farantin haƙoran da ke jan sarƙa) na keken fili, wato keken da ake tsere da shi a da'irar nan mai gangare irin wadda ke babban filin wasa na Abuja, da aka gina don wasannin Afirka na 2003. Sugino 75 ne, sandarsa milimita 165, farantinsa haƙori 48. Wanda ya kalle shi a ido zai ce ai kuranki kuranki ne, a ɗaura kawai. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka kafin a kwance komai, yau awo kaɗai aka yi.

Keke na ɗaya: ƙarfe, tazarar baya inda akisil ke zama milimita 126, kurankin Shimano mai faranti biyu, 52 da 42, tsawon sanda 170. Na biyu: shi ma ƙarfe, 126, amma farantansa an danne su da ribit, ba sa kwancewa, sanda 175. Na uku: alminiyam, tazara 130, faranti 50 da 34, sanda 172.5. Tsawon sanda ba sai an auna ba, yana rubuce a bayanta kusa da ramin feda, a goge datti kawai.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Da'irar kusoshi. Nan ne bambanci na farko, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane a kasuwa, domin faranti mai rami biyar ba ya nufin zai hau kowane kuranki mai yatsu biyar. Abin da ake dubawa shi ne faɗin da'irar da ramukan suka zagaya, wanda ake rubutawa BCD. Na fili 144 ne. Na titi irin na da 130, na Campagnolo 135, ƙaramin nan na hawan tudu 110.

Rami biyar ba su da wanda ke fuskantar wani, don haka ba a iya auna faɗin kai tsaye. Ana auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta, tsakiya zuwa tsakiya: 84.6 na nufin 144, 79.4 na nufin 135, 76.4 na nufin 130, 64.7 na nufin 110. Wanda ba shi da ma'aunin baniya ya ɗora rula daga gefen hagu na rami ɗaya zuwa gefen hagu na na kusa da shi, awon ɗaya ne. Tsakanin 130 da 135 milimita uku kacal ne a wannan awon, kuma da ido ba a rabe su. Mun sha ganin faranti da aka faɗaɗa wa ramuka da magagari don ya hau dole. Irin wannan ba ya taɓa zama a tsakiya, sarƙa ta tsuke a wani wuri ta saki a wani.

Faɗin da'irar shi ke yanke ƙaramin farantin da zai hau. A kan 144 ba a sauka ƙasa da haƙori 41 ko 42, a kan 130 iyaka 38, a kan 110 har 33 ko 34. Mai keken fili ba shi da tudu, ba ya buƙatar ƙaramin faranti, sai aka buɗa masa da'irar don kusoshi su matso kusa da haƙora, faranti ya rage lanƙwasa lokacin da aka danna da ƙarfi daga tsaye. Mai titi kuwa an tsuke masa ne don ya samu na hawa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An kwance kurankin keke na ɗaya da na biyu. Dukkansu masu sandar tsakiya mai kai huɗu ne, wato sandar da kuranki ke hawa kanta, kuma fula, abin zare kuranki, ake sa musu, ba guduma ba. Tiredin fula milimita 22 ne. A cire kusar tsakiya, a leƙa a tabbata washarta ta fito, domin in ta maƙale a ciki fula za ta tura ta maimakon sanda, tiredin alminiyam ya zube. A murɗa jikin fula da hannu har ƙarshe kafin a sa sifana. A keke na biyu wani ya riga mu: sandar hagu duk shaidar duka ce, ramin ya daina zama mai kusurwa huɗu. An jefa ta cikin kayan gwangwan.

Gidan tsakiya na kekunan biyu, inda sandar tsakiya ke juyawa, samfurin Ingila ne, faɗi 68. Kofin dama bahago ne, ana kwance shi ta hannun da agogo ke juyawa. Na Italiya faɗinsa 70, kofunansa duka na dama ne, don haka a auna kafin a hau sifana da ƙafa. Fedar hagu ma bahaguwa ce, a keken fili da na titi duka, tiredi 9/16 na inci. A nan dai babu bambanci.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Kasuwar Gujungu. An je neman sarƙa, an samo labari mai daɗi ga aljihu.

Tsawon gaɓar sarƙa ɗaya ne a duk kekuna, rabin inci. Faɗin ciki ne ya bambanta: na fili 1/8, na titi 3/32 ko ƙasa da haka a masu giya da yawa. Farantin Sugino ɗin nan mai kauri ne, sarƙar titi ba ta zauna a kansa, tana hawa kan haƙora ta tsaya. Amma sarƙar 1/8 ita ce sarƙar baƙin keken da kowa ke kai buhu gona da shi, Raleigh ne ko Phoenix. Tana nan a kowace rumfar mai gyara. Firiwil, wato farantin baya mai barin feda ta huta, mai haƙori 18 da 20 na irin waɗannan kekuna shi ma tiredinsa ɗaya da na hob, wato cibiyar wili, na tsofaffin kekunan titi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Sarƙa mai faɗi tana hawa siririn faranti, da ɗan ƙara kaɗan. Siririyar sarƙa ba ta hawa faranti mai kauri. An sayo sarƙa uku. Ɗaya daga ciki da aka shimfiɗa ta a kan benci gaɓoɓi huɗu sun ƙage, ba sa lanƙwasa, sai da aka sassauta su da ɗan murɗawa gefe da gefe.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ranar layin sarƙa, kuma a nan aikin ya tsaya cak.

Layin sarƙa shi ne nisan haƙora daga tsakiyar keke. Keken fili yana kan milimita 42 gaba da baya, da hob mai faɗin 120. Kurankin titi mai faranti biyu ana lissafa shi 43.5, amma wannan tsakanin farantan ne. Na ciki yana wajen 41, na waje wajen 46. A keke mai canjin giya wannan ba damuwa ba ne, an ƙera sarƙar don ta karkata, kuma na'urar baya tana riƙe da ita. A giya ɗaya ba mai riƙe ta sai miƙewar layin. In kuma kafaffiyar giya ce, wadda feda ba ta hutawa muddin taya na juyawa, sarƙar da ta zame tana iya cusa kanta tsakanin ƙaramin faranti da sili ta kulle tayar baya ana cikin gudu.

Yadda muke awo. A gaba: daga jikin bututun da ke ɗauke da sirdi zuwa tsakiyar haƙori, a ƙara rabin kaurin bututun. Na ƙarfe 28.6 ne, rabinsa 14.3. A baya: a raba tazarar firam biyu, a debe nisan da ke tsakanin cikin bakin firam da tsakiyar haƙorin ƙaramin faranti.

An ɗaura Sugino a keke na biyu, a kan sandar tsakiya da muka tarar, mai tsawon 113. Awo ya ba da 48. Milimita shida a waje. An sake awo sau biyu, 48 dai.

Dalili biyu ne suka haɗu. Wannan kurankin an yi shi ne don sanda mai tsawon 109, to 113 ta tura shi waje da milimita biyu. Sauran kuwa daga sifar kan sandar ne. Kai mai kusurwa huɗu iri biyu ne, JIS na Japan da ISO na Turai. Gangarensu ɗaya, digiri biyu, amma bakin ISO ya fi tsukewa kaɗan. Sugino 75, duk da cewa daga Japan yake, ISO ne. In aka ɗora shi a kan sandar JIS ba ya shiga har inda ya kamata, yana tsayawa wajen milimita huɗu da rabi a waje. Akasin haka ya fi muni: kurankin JIS a kan sandar ISO yana zurmawa ciki har kusa ta taɓo bakin sanda kafin ta matse shi, mutum ya ji kusa ta ɗaure alhali kuranki na rawa. Kusan duk sandunan da ke kasuwanninmu JIS ne.

Mafita biyu: a samo ISO mai 109, ko a samo JIS mafi gajarta, wato 103, wadda za ta dawo da layin wajen 43 da rabi. An aika a duba kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Kafin saƙo ya dawo, an koma kan keke na ɗaya, wanda zai zauna da kurankinsa na titi.

An cire faranti 52, an bar 42 a mazauninsa na ciki. Awo 41. Hob ɗin fili da aka ɗaura wa wilin baya yana kan 42. Milimita ɗaya ba ta hana komai. Hob ɗin faɗinsa 120 ne, firam 126, sai aka ƙara washa ta milimita uku a kowane gefe. Dole a raba daidai, in an tara su gefe ɗaya layin ya gusa, taya ma ta bar tsakiya.

Matsala ta fito a kusoshin faranti. Na kurankin titi dogaye ne, an yi su don faranti biyu da yatsa a tsakani. Da aka cire ɗaya, kusa ta ƙure a cikin notinta kafin ta kama faranti. Alanki mai lamba biyar ya ce ya ɗaure, faranti kuwa yana kaɗawa a hannu. Na fili gajeru ne tun asali. Ana iya rage tsawon notin da magagari wajen milimita uku, ko a cike gurbin da washa mai rami 10. Mu mun bi hanya ta uku: tsohon 52 ɗin ya riga ya cinye, sai aka kai wa mai walda ya share haƙoransa da giranda, aka gyara bakin da magagari har ya daina yanka, aka mayar da shi wurinsa. Ya cike gurbin kusoshi, ya kuma zama kariya. Mai hawa da wandon yadi ya san amfanin wannan, domin a kafaffiyar giya in sarƙa ta kama bakin wando ba ta saki, feda kuma ba ta tsayawa.

A duba haƙoran farantin titi da kyau kafin a amince da shi. Na zamani, musamman na waje, an yi masa 'yan ƙusoshi da zabtare a ciki, an gajarta wasu haƙora da gangan, duk don sarƙa ta samu hanyar hawa da sauka. Na fili haƙoransa dogaye ne, tsayi ɗaya, ba a bar wa sarƙa ƙofa ba. Wannan 42 ɗin tsohon yayi ne marar zabtare, shi ya sa ya dace. Akwai wani 42 a buhu mai rubutun Biopace, ba zagayayye ba ne sosai, mai siffar ƙwai. An ajiye shi gefe.

Talata, 18 ga Nuwamba

An ɗaure sarƙar keke na ɗaya. Bakin firam ɗinsa a kwance yake, akisil na iya matsawa gaba da baya, ko da yake bai kai na keken fili tsawo ba, wanda ke buɗewa ta baya. Ƙarin haƙori ɗaya gaba ko baya yana jawo akisil wajen milimita uku. Cire gaɓa biyu, wato inci guda, yana jawo shi kusan 13.

Babu farantin da yake zagayayye ɗari bisa ɗari. A juya feda a hankali a nemo inda sarƙa ta fi tsukewa. A sassauta kusoshin faranti su zama da ɗan kamu, a bugi sarƙa a hankali da ƙotar sifana a wurin, faranti zai gusa kaɗan. A sake juyawa, a sake nema. Sau huɗu aka yi kafin ta daidaita, sannan aka ɗaure kusoshin a tsallake, ɗaya, uku, biyar, biyu, huɗu. Wasan sarƙa sama da ƙasa ya tsaya wajen santimita ɗaya.

Yaran shago an ja musu kunne: ba a goge sarƙar kafaffiyar giya da tsumma ana juya feda. Nauyin taya ne ke jan sarƙar, in tsumma ya shiga yatsa na biye da shi.

Zoben kulle na ƙaramin farantin baya bahago ne, yana da nasa matakin tiredi a jikin hob ɗin fili. Hob ɗin firiwil ba shi da wannan matakin. Faranti zai hau shi, amma ranar da aka danne feda baya zai kwance. Ba mu yarda da wannan haɗin ba ko da gam. Birki biyu kuma suna nan a duk kekunan. Keken fili ba shi da birki ne saboda a da'irarsa ba akuya, ba babur, ba amalanke.

Asabar, 22 ga Nuwamba

ISO ba a samu ba. JIS mai 103 ta zo, irin rufaffiyar nan mai boris a ciki. An ɗaura a keke na biyu, an matse kusa zuwa wajen 40 Nm a ma'aunin ƙarfin murɗi. Layin gaba 44, na baya 42. An ɗauke washa ta milimita ɗaya daga dama aka mayar hagu, baya ya koma 43, aka gyara ɗaurin sili kaɗan don taya ta dawo tsakiya. Ya yi.

Sai tsukewa. Kurankin fili sandunansa miƙaƙƙu ne, tazarar ƙafa da ƙafa ƙasa da 140, na titi kuma a buɗe suke, wajen 146 zuwa 150, don su kauce wa faranti biyu da firam mai faɗin baya. A firam ɗin titi, ƙarfen da ya tashi daga gidan tsakiya zuwa akisil yana buɗewa da wuri. Haƙoran 48 sun wuce shi da milimita uku, bakin sandar dama da huɗu. Da ISO 109 aka samu, layin ya dawo 42, da saura milimita ɗaya tsakanin haƙori da firam, kuma firam na lanƙwasa in an miƙe tsaye an danna. Wato rashin samun sandar asali bai cutar da wannan keken ba. An manna farin tef a wurin don a ga ko haƙora za su taɓa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Gwaji na farko, bayan sallar asuba kafin motocin kasuwa su fito.

Da taya 700 mai faɗin 28, zagaye ɗaya na taya mita 2.14 ne. Keke na ɗaya, 42 da 16, yana cin mita 5.6 a kowane juyin feda, wato kilomita 30 a awa in ana juyi 90 a minti. Na biyu, 48 da 16, mita 6.4. Wajen tafiya iska na baya, ya yi daɗi. Wajen dawowa, iskar hunturu a fuska, mai hawan ya koma tsaye yana kokawa. Wannan giyar ta shimfiɗaɗɗen fili ce. Tun da 144 ba ta da ƙananan faranti a kasuwarmu, gyaran daga baya za a yi: 18 zai sauko da ita mita 5.7.

Farin tef bai nuna shaida ba.

Tsawon sanda ya nuna kansa a kwanar shiga gari. Gidan tsakiyar waɗannan firam yana wajen milimita 270 daga ƙasa. Da sanda 170 saura 100 a ƙarƙashin feda, da 165 saura 105, da tsohuwar 175 ɗin nan da saura 95. Mai firiwil yana ɗaga fedar ciki ya kwanta a kwana. Mai kafaffiya ba shi da wannan damar, feda za ta sauko a tsakiyar kwanar ko yana so ko ba ya so, kuma in ta daki kwalta tayar baya ce ke tashi. A fili abin ya fi haka: da'ira mai mita 250 gangarenta a kwana ya haura digiri 40, ana zagaya ta ta hagu, in gudu ya ragu fedar dama ce ke taɓa bango. Shi ya sa ake gajarta sanda, ake kuma ɗaga gidan tsakiya. Gajeriyar sanda tana sauƙaƙa saurin juyi ma. An sa wa keke na ɗaya feda marar faɗi, an ɗaga sirdin na biyu da milimita biyar.

Wannan bambancin kaya ba ƙaramin abu ba ne ko a wurin manya. A wasannin Olamfik na Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a titi da fili duka, kuma keken fili aro aka yi mata daga tawagar Jamus, domin na titi ba ya shiga da'ira.

Asabar, 6 ga Disamba

An sa 18 a keke na biyu, an ƙara gaɓa biyu, akisil ya koma baya ya tsaya kusa da ƙarshen bakin firam amma noti ya kama sosai. An sake duba kusar kuranki bayan hawa biyu, ta ɗan karɓi murɗi. Sau ɗaya ake wannan. Wanda ya mayar da shi al'adar kowane mako yana tura alminiyam ne sama da sama a kan sanda har ya tsage.

Ra'ayinmu zuwa yanzu: keke na ɗaya, mai kurankin titi, ya fi dacewa da wannan hanya, kuma gyaransa bai ci komai ba sai aikin giranda. Sugino ya fi shi tauri da tsabtar juyi, ana ji a ƙafa, amma da ba a buhu ya zo ba, ba mu ba da shawarar a saye shi don firam ɗin titi.

Asabar, 13 ga Disamba

Keke na uku. Bakin firam ɗinsa a tsaye yake, akisil ba ya matsawa ko kaɗan, ba yadda za a ja sarƙa. Alminiyam kuma ba a lanƙwasa shi ba a matse shi kamar ƙarfe. Kafaffiyar giya ta fita daga lissafi, domin abin jan sarƙa mai sifirin ba ya jure dannawa baya, karyewa yake yi. Zai zama mai giya ɗaya da ke hutawa: an bar hob ɗinsa, an zare faranti takwas aka bar ɗaya, aka cike gurbin da zobban tsofaffin giyoyi, tsohuwar na'urar canjin giya kuma aka kulle ta da sukurorinta a wuri guda tana jan sarƙa. A nan layin baya yana gusawa yadda ake so, a matsar da zobe kawai. Sarƙar 1/8 ba ta wuce cikin na'urar ba, an koma 3/32.

Faranti ne ya rage. 34 da 13 yana ba da mita 5.6, amma ƙananan haƙora ƙura ba ta barin su. 50 da 19 ma 5.6 ne, sai dai farantin 50 mai zabtare ne, kuma a gwajin yau sarƙa ta sauka sau biyu a kan burji. Ana neman faranti 110 mai haƙori 42 ko 44 marar zabtare. An yanka kwali da ramuka biyu a tazarar 64.7 an ba wanda zai shiga Kano ranar Litinin.